Ruwan Da Aka Ba Ya Fanna

Gidan Malam Abatcha a Diffa, in lokacin shanyar tattasai ya zo, ba ka shiga sai da atishawa. Tsakar gida ja wur, bisa rufi ja wur, har kajin gidan sun koyi bin gefen katanga. Daga gonarsa ta bakin kogin Komadugu, can wajen Shetimari, ake kwaso shi, a shanya, a tsince, a ɗura a buhu. A tsakiyar wannan jan kullum za ka tarar da Ya Fanna, mahaifiyar maigidan, zaune bisa tabarmarta da faifai a cinya tana tsinta. Idonta ya daɗe da rufewa, har mutanen gidan sun saba wuce ta kamar yadda ake wuce turmi.

Jikarta Zakiyya ce kawai ba ta wuce ta. Zakiyya malamar lakwal ce, wato makarantar boko, doguwa, mai baki, irin 'yan matan da in sun ce a'a sai ka nemi wurin zama. A shekarar da muke magana, farkon shekarun dubu biyu, kowa a unguwar ya san an sa mata rana da Najib, wani ma'aikacin gwamnati da aka yi wa afektasiyo, wato canjin wurin aiki, daga yamma. Kuma ita ta kawo shi da kanta. Da farko mahaifinta cewa ya yi ba zai ba baƙon da bai san asalinsa ba. Ta yi kuka, ta ƙi abinci, ta kai ƙara wurin yayansa Baba Alkali, har aka haƙura aka ce ya turo.

To, Najib kuwa ya iya zama da mutane, wannan ba a ƙwace masa ba. Tun daga ƙofar zaure yake tuɓe takalmi. In ya hango Malam Abatcha sai ya zube ƙasa, kai a sunkuye, yana jero gaisuwar barebari da ya koya, “wushe, wushe,” har sai an ce ya isa haka. Bai zo hannu sake ba ko sau ɗaya: yau dabinon Maine-Soroa, gobe sukari da shayi. Kafin a je ko'ina gidan ya fi Zakiyya son sa. Hamsatu, uwar Zakiyya, in ta ji ƙarar motonsa har gyara ɗaurin kallabi take.

— Angona ya zo? in ji Ya Fanna, cikin wasan kaka da mijin jika.

— Na zo, amaryata. Waccan ta ɗaki ai rakiya ta yi miki, in ji Najib, yana tsugune gabanta, kowa na dariya.

Wata ranar kasuwa malaman lakwal suna yajin aiki, Zakiyya ba ta fita ba. Malam Abatcha ya tafi kasuwar tattasai, Hamsatu ta tafi barka maƙwabta. Zakiyya na cikin ɗakin ajiya tana ɗinke bakin buhuna da basilla, fuska duk ƙura, ido ya yi ja, ta ɗaura wani tsohon zanen uwarta. Sai ta ji moto ya tsaya. Ta dubi kanta ta ce a ranta, wallahi ba zai gan ni haka ba. Ta lafe bayan buhuna, inda wata 'yar taga take kallon tsakar gida.

Najib ya yi sallama, Ya Fanna ta amsa.

— Ba kowa ne, amaryata?

— Duk sun fita, ɗan nan. Zakiyya ma ban ji motsinta ba, ƙila ta bi uwarta.

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Sai ya shigo da takalminsa, ƙwas ƙwas, har kan tattasan da aka shanya. Ya tsaya kanta ƙiƙam, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya ya toshe hanci da hankici. Amma bakinsa zuma, gaisuwar nan ce dai ta kullum, ba abin da ya ragu.

Zakiyya ta ƙara matsawa jikin tagar. Ta ce wa kanta, yaji ne ya dame shi, ai baƙo ne.

Ana cikin haka iska ta ɗebo ƙurar tattasai ta watsa wa tsohuwar. Tari ya sarƙe ta, ta dafe ƙirji, ta miƙa masa ɗan kwanon shanta.

— Ruwa, ɗan nan. Randa na can rumfa.

Randar tana can ƙarshen gida, sai an ratsa rana. Najib ya dubi nisan, ya dubi ƙyallin takalminsa. Kusa da ƙafarsa akwai wani tsohon daro da ake zuba wa awaki ruwa, ya kwana ya wuni, har da ƙaiƙayi a sama. Ya sunkuya ya kamfato, ya ɗan jira kamar wanda ya je ya dawo, sannan ya miƙa mata.

— Ga na randa mai sanyi, amaryata. Sha a hankali.

Ta kurɓa, ta yi shiru, ta sake kurɓa don tarin bai sake ta ba. Ta ce Allah ya yi albarka. Shi kuwa ya goge yatsunsa da hankici, ya ce a gaida mutan gida, ya fita yana fito.

Zakiyya ba ta san sanda basilla ta shige mata tafin hannu ba. Ta fito, ta karɓi kwanon, ta wanke shi fes, ta ɗebo na randa. Tana riƙe wa kakarta kwanon hawaye na zuba, tana cije leɓe don kada tsohuwar ta ji. Ta so Najib, so na gaske, ba na wasa ba. A wannan tsayuwar ta ji son ya zube kamar an huda buhu.

Da la'asar ta samu uwarta a madafa.

— Inna, na fasa auren Najib.

Hamsatu ta ci gaba da tuƙi, ta ɗauka wasa ne. Da ta ɗago ta ga fuskar 'yarta sai ta saki muciya. Zakiyya ta faɗa mata duk abin da ta gani, ta ƙara da roƙo ɗaya:

— Don Allah kada Kaka ta ji. Ba na son ta san abin da ta sha.

— Yanzu a kan ruwan kwano ɗaya za ki tozarta mu? An raba goro, an gaya wa dangi har Tumur. Ke kika kawo shi, ke kika hana mu barci a kansa.

— Ni na kawo shi, ni kuma na gan shi.

— Kuskure ne, Zakiyya. Wa ba ya kuskure?

— Ya waiga dama da hagu kafin ya yi, Inna. Mai kuskure ba ya waige.

Malam Abatcha da ya ji labari bai ko zauna ba. Ya aika aka kira Najib zaure. Najib ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya zube. Da aka faɗa masa maganar sai ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa, ya rantse ya maya cewa har rumfa ya taka ya ɗebo ruwan. Sannan ya sassauta murya.

— Baba, ban so in faɗa ba. Amma tun da abin ya kai ga ƙazafi, a bincika tsakaninta da Kashim. Na lura da yadda yake yawan shigowa gidan nan.

Ai kuwa ya san inda ya soka. Kashim maƙwabcin gonarsu ne, saurayi mai injin ban-ruwa, shi ke kwaso musu tattasai a amalankensa. Mutum ne mara fara'a, gaisuwarsa gajera, in an tambaye shi ya faɗi abin da ke ransa ko da wa yake magana. Bara ya gaya wa Malam Abatcha a gaban manoma cewa ya tare ruwan kwalbati ya wuce rabonsa, gonakin ƙasa na ƙonewa. Gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Tun ranar maigidan ba ya son jin sunansa, aikin amalanke kawai ya haɗa su. Ita kanta Zakiyya ta sha cewa bakin Kashim ya fi tattasan da yake ɗauka yaji.

— Ashe abin da ke nan ke nan, in ji Malam Abatcha, da ya shigo gida yana huci. Kin ga wani, shi ne za ki ɓata yaron kirki?

— Baba, ban taɓa tsayawa da Kashim ba. Abin da na gani na faɗa.

— Ya rantse da Allah.

— Ni ma da Allah na gani.

— Ban tilasta miki shi ba, ke kika zaɓa. Amma ba za ki mayar da ni ƙaramin mutum a garin nan ba. Ko ki janye wannan magana ki ba shi haƙuri, ko ki cire ni daga sha'aninki, ki nemi wani uban.

Zakiyya ta durƙusa, amma ba ta lanƙwasa ba.

— Ba ni da wani uba sai kai, Baba. Amma ba zan ce ban gani ba. Mutumin da ya ba makauniya ruwan awaki don ba mai kallonsa, ni ma wata rana zan kwanta ciwo a ɗakinsa ba mai kallo.

Daga ranar gidan ya juya mata baya. Ta gaida mahaifinta ya kau da kai. Hamsatu na kuka tana cewa an yi wa 'yarta asiri. A bakin famfo mata na zunɗen ta, wai malamar lakwal ta bar mai albashi ta koma wa mai amalanke. Ƙawarta Firdausi ma cewa ta yi:

— Ke dai kin cika tsanani. Mushe guda, babban ɗan boko, kamar Najib? Maza duk haka suke in ba a kallonsu.

— To zan zauna har in ga wanda ba haka yake ba.

Ta rame, ta yi duhu, ta sha kuka a ɗakin ajiya inda ba mai jin ta, don ko ta tashi lakwal can take shigewa ta huce takaicinta kan buhuna. Hanya mafi sauƙi tana gabanta: ta je ta tambayi kakarta ko ta ji wani ɗanɗano a ruwan nan. Ba ta yi ba. Ta gwammace a kira ta maƙaryaciya da ta sa tsohuwar ta ji an wulaƙanta ta.

A ta wannan tagar ce kuma ta ga Kashim. Wata azahar ya kawo kaya, gidan shiru, sai Ya Fanna a tabarmarta. Zakiyya ta ƙura ido, zuciyarta na cewa, bari mu ga naka kai ma. Ya yi sallama, aka ce masa ba kowa. Ya tsaya bakin zaure ya tuɓe silifas ɗinsa, ya tako ƙasar da ta gasu da rana ba takalmi, ya tsuguna gaban matar da ba ta ganinsa.

— Ina wuni, Ya Fanna.

— Lafiya, Kashim. Ya ruwa?

— Ya fara ja baya.

Shi ke nan gaisuwar, ba zuma ba madara. Ya tashi ya sauke buhunansa. Zai fita, gyangyaɗi ya riga ya ɗauki tsohuwar, sai ya tsaya yana kallon ƙasa. A kan hanyar da tsohuwar ke bi da sandarta zuwa bayan gida akwai wani guntun turke da ya karye a ƙasa, ya sha fasa mata yatsa, kullum ana cewa za a cire. Kashim ya ɗauko fartanya a amalankensa, ya tone shi, ya cike ramin, ya daddale da ƙafa. Bai ce wa Ya Fanna komai ba, bai ko waiga ba. Ya sa silifas ɗinsa ya tafi.

Zakiyya ta zauna kan buhu tana juya abin da ta gani. Daga ranar, in ta ji ƙarar amalanke sai ta tsinci kanta a bakin taga. Ba ta taɓa ganin ya sake ba: da mutane da ba mutane, Kashim ɗaya ne. Abin da aka yi mata ƙazafi da shi tun babu, ga shi ya fara zama gaskiya a zuciyarta, ita kaɗai ta sani, kuma abin ya ba ta tsoro.

Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, Baba Alkali ya ce a taru a gidan bayan sallar Juma'a a kashe ta. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa. Najib ya zo cikin farar shadda, ya zauna a ƙasa can gefe kamar maraya. Ba wanda ya tuna da Ya Fanna, tana can inda take kullum da faifanta.

— Zakiyya, in ji Baba Alkali, kina da shaida?

— Allah kaɗai, Baba.

— To ki ba shi haƙuri a wuce wurin.

— Ku yafe mini. Ko zan tsufa a ɗakin ajiyar can, ba zan ba shi haƙuri a kan abin da ya aikata ba.

Malam Abatcha ya yunƙura zai tashi. Sai aka ji ƙwanƙwasar sanda a ƙasa. Ya Fanna ce ke tahowa tana lalube. Zakiyya ta ruga ta tare ta.

— Kaka, koma ki zauna, ba komai ba ne.

— Sake ni, 'yar nan. Ido na rasa, ba kunne ba. Kuna ta ƙus-ƙus a kaina kamar na mutu.

Aka zaunar da ita. Ta juya fuskarta daidai inda Najib yake.

— Randar gidan nan ni nake turara ta da kajiji tun Abatcha bai yi wayo ba. Ko cikin barci aka ba ni ruwanta na san shi. Wanda ka ba ni rannan warin akuya yake, ɗan nan. Na sha don tari zai kashe ni. Na sa maka albarka don ban san me zan ce ba.

Duk aka juya ana kallon Najib.

— Kaka, kin sani? in ji Zakiyya, hawaye na bin fuskarta. Me ya sa ba ki faɗa ba?

— Na ga kina son sa. Na ce ba ni zan fasa miki ba, kwana nawa ya rage mini. Ashe ke ma rufe bakinki kika yi don ni, kina shan zagi. Jiya na ji uwarki na faɗa wa maƙwabciya duka.

Ta gyara riƙon sandarta.

— Ku masu ido kuna zaton makaho ba ya gane komai. Wanda ya tsuguna ya gaishe ni, muryarsa daga ƙasa take zuwa, kusa da kunnena. Wanda ya tsaya, daga sama take faɗo mini. Yaron nan in kuna nan muryarsa a ƙasa, in ba kwa nan a sama. Kashim da kuke zagi, ban taɓa jin tasa daga sama ba. Akwai kuma wanda ya cire mini turken da ke fasa mini ƙafa, ban san ko wane ne ba, kullum ina yi masa addu'a.

— Shi ne, Kaka, in ji Zakiyya a hankali. Na gan shi ta taga.

Najib ya miƙe yana gyara hula, yana cewa tsufa ne, tsofaffi sukan rikice. Baba Alkali ya nuna masa ƙofa da hannu kawai. Ya fita, har ya manta bai yi sallama ba.

Malam Abatcha ya share gumi, ya zo ya tsaya kan mahaifiyarsa.

— Ya, ki yafe mana. Da na san haka yaron nan yake…

— Kai ma, Abatcha, in ji ta, ba tare da ɗaga murya ba. Tun da idona ya rufe, taka daga sama take zuwa.

Malam Abatcha ya dubi ƙafafunsa, ga takalmi a ciki, a kan tabarmar uwarsa. Dattijo mai furfura, a gaban matarsa da 'yarsa da yayansa, ya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya kama hannunta yana kuka kamar yaro.

— Ina wuni, Ya.

— Yawwa, in ji tsohuwar, tana shafa kansa. Yau na ji ɗana.

Washegari aka mayar wa Najib kayansa, ko allura ba a rage ba. Malam Abatcha ya kira 'yarsa ya ce ta yafe masa, ita kuwa ta ce ba abin da ya yi mata. Ba a yi gaggawar komai ba. Sai da ruwan Komadugu ya janye ya sake dawowa, aka dasa sabon tattasai, sannan Malam Abatcha da ƙafarsa ya taka gonar Kashim, ya ce masa maganar kwalbatin nan shi Kashim ke da gaskiya. Kashim ya ce ya wuce. Ya sosa ƙeya, sannan ya ce akwai wata maganar da ya daɗe yana riƙe da ita, yana tsoron bai kai ba: yana son Zakiyya da aure.

Ranar da ya fara zuwa zance, Zakiyya ta tambaye shi me ya sa yake tuɓe wa makauniya takalmi.

Ya dube ta kamar ta tambayi abin da ya sa ake shan ruwa.

— Ba uwa ba ce?

Bayan shanyar tattasai ta gaba aka ɗaura aure, Ya Fanna da kanta ta turara randar amarya.

'Yan mata da samari, ga abin da nake so ku riƙe daga labarin Zakiyya. Kowa ya iya ladabi a gaban wanda zai ba shi mata. In kuna son sanin mutum, ku dubi yadda yake yi wa wanda ba zai iya ganinsa ba, ba zai iya rama masa ba, a lokacin da ya tabbata ba mai kallo. Kuma in kun gani da idonku, ku tsaya a kai da ladabi da haƙuri, ko gida duka ya juya muku baya. Zakiyya ta tsaya, kuma har Ya Fanna ta koma ga Mahaliccinta, ba wanda ya sake gaishe ta a tsaye a gidan nan.